Mamman Shata: An adana muryar, an bar kalangun ba magaji

Ranar Juma'a 18 ga Yuni, 1999, kwana 20 bayan sojoji sun miƙa mulki ga farar hula, Allah Ya yi wa Alhaji Mamman Shata rasuwa a Asibitin Koyarwa na Malam Aminu Kano, yana da shekara 76. Daga Kano aka ɗauki gawarsa zuwa Daura, garin ubangidansa Sarki Muhammadu Bashar, aka yi masa sutura a can.

Akasarin masu karanta wannan shafi ba su taɓa ganinsa a fage ba. Sun san shi ne a rediyon mahaifinsu, ko a motar haya tsakanin Funtuwa da Malumfashi, ko a guntayen bidiyon da ke yawo a Facebook da TikTok. Saboda muryar tana ko'ina, sai ake ɗauka cewa Shata ya tsira daga mantuwa, kuma ta wannan fuska gaskiya ne. Amma abin da ya yi shekara fiye da 50 yana yi a gaban jama'a sana'a ce ta mutane da yawa: makaɗa, 'yan amshi, maroƙa, masu sassaƙa kalangu da masu rawa. Wannan sana'a ita ce ke ƙarewa a gaban idonmu, kuma rayuwar Shata kanta ta nuna dalilin da ya sa ba ta samu magaji ba.

An haife shi a Musawa cikin 1923, a gidan da ba a san shi da kiɗa ba. Mahaifinsa, Ibrahim Yaro, bai so ɗansa ya zama mawaƙi ba, kuma ba shi kaɗai ke da wannan ra'ayi ba a zamaninsa. A ƙasar Hausa ta wancan lokaci kiɗa da roƙo gado ne, kamar ƙira da fawa da wanzanci, kuma matsayin masu yin su yana can ƙasa a tsarin girma na gari. Ɗan gidan da ba na makaɗa ba ya ɗauki waƙa sana'a, abin kunya ne ga dangi. Yaron ya yi karatun allo kamar sauran tsaransa, ya yi tallan goro, daga baya ya koma na alewa. A tallan goron ne ya samu sunan da ya bi shi har kabari: yakan rabar da ribar da ya samu ga mutanen da ya haɗu da su, ya koma gida hannu wofi, har wani ɗan'uwansu mai suna Baba Salamu ya riƙa kiransa Mai Shata, wato mai watsi da abin da ya samu.

Makarantarsa ta waƙa ita ce dandali. Bayan an ci tuwon dare samari da 'yan mata kan taru a fili, mai kalangu ya tsaya a tsakiya, a yi ta waƙa da rawa har dare ya raba. Kiɗan asauwara shi ne yayin samarin ƙasar Katsina a lokacin ƙuruciyarsa, kuma a cikinsa ya fara gwada murya, don nishaɗi kawai, kafin ya gane cewa ya fi tsaransa. Ya kamata a riƙe wannan, domin yawancin masu yabon Shata suna magana ne a kan kalmominsa kaɗai. Kiɗan da ya ɗora kalmomin a kai kiɗan rawa ne tun asali. Kalangu gangar mahauta ce da ta 'yan mata a dandali, ba ta cikin kayan kiɗan fada irin su tambari da taushi da kotso. Da wannan ganga ta talakawa ya shiga gaban sarakuna.

Daga Bakori zuwa Funtuwa

Wanda ya fara fitar da shi daga Musawa shi ne Abdullahi Inde, ɗan sarautar garin, wanda ke aikin En'e na sayen auduga da gyaɗa a Bakori. Shi ya kira shi ya zauna kusa da shi. A Bakori Shata ya yi aurensa na farko, daga nan kuma ya riƙa fita yawon waƙa zuwa garuruwan Arewa. A 1952, a ƙarshen zamanin Sarkin Kano Abdullahi Bayero, ya yi wasa a bikin da aka fi sani da Bikin 'Yan Sarki, inda aka aurar da 'ya'yan gidan sarautar Kano da dama a lokaci guda. Daga wannan biki sunansa ya wuce na mawaƙin yanki. A 1960 ya tare a Funtuwa, kuma nan ya zama gidansa kusan shekara 40, ko da yake yana da zama a Kano.

Zaɓen Funtuwa ba haka kawai ya zo ba. Tun ƙarshen shekarun 1920 layin dogo daga Zariya zuwa Gusau da Ƙauran Namoda ya ratsa garin. Kamfanin auduga na Turawan Ingila, BCGA, wanda bakin Hausawa ya mayar Bisije, ya kafa injinan gurzar auduga a Funtuwa da Malumfashi. Hanyoyin mota na Sakkwato da Katsina da Zariya duk a nan suke haɗuwa. Idan kaka ta yi, aka buɗe kasuwar auduga, kuɗi kan shiga hannun manoma da dillalai da 'yan kwamisho da direbobin manyan motoci, sannan a shiga bukukuwan aure. Ƙungiyar makaɗa mai baki da yawa ba ta rayuwa sai inda irin wannan kuɗi yake zagayawa. Duk wanda ya saurari jerin mutanen da Shata ya waƙe zai ga taswirar tattalin arzikin Arewa ta wancan zamani: sarakuna da hakimai, attajiran goro da fata, 'yan kwangila, direbobi, mata masu zaman kansu, har da sarakunan bori. Wannan gari dai shi ya fitar da Barmani Choge, gwanar kiɗan ƙwarya ta amada, wadda ta rasu a 2013.

Yadda yake aiki ya sha bamban da na makaɗan fada. An san shi da ƙirƙirar waƙa nan take. Yakan ba makaɗansa amshi gajere, su kama, shi kuma ya riƙa zuba ɗiyan waƙa gwargwadon wanda ke zaune a gabansa da abin da ya faru a ranar. Shi ya sa waƙa ɗaya takan zo da fuska daban-daban a ɗauka daban-daban, har Bakandamiya, wadda ya yi wa kansa kirari a cikinta. Shi kansa bai riƙe adadin waƙoƙinsa ba. Nauyin wannan salo yana wuyan makaɗa. Kalangu ganga ce mai ƙugu, da fata a baki biyu, da tsirkiya da ta haɗa su. Makaɗi yana matse ta a hammata ko ya sassauta, sautin ya hau ko ya sauka yadda karin harshen Hausa ke hawa da sauka. Makaɗan Shata su ne kuma 'yan amshinsa, don haka dole hannu yana kiɗa, baki yana amshi, kunne yana jiran inda maigida zai juya ba tare da sanarwa ba. Ba a koyon wannan a wata shida. Sai mutum ya yi shekaru yana tsaye a bayan wanda ya iya.

Ya waƙe kusan duk abin da ya ratsa zamaninsa. Ya ƙarfafa wa sojojin tarayya gwiwa a yaƙin basasa na 1967 zuwa 1970. Ya yi waƙar kumbon Apollo 11 da Amurka ta aika duniyar wata a 1969. Ya yi ta noma, ya yi ta aure, ya yi yabon Annabi, ya kuma yi ta giya, wadda har yau malamai ba su yafe masa ita ba. Bai kamata a wanke shi fiye da yadda ya wanke kansa ba. Abincinsa yana hannun masu kuɗi da masu mulki, kuma zambonsa makami ne da ya ji wa mutane ciwo. Gagarabadau ta isa shaida. Tsoron bakinsa yana cikin abin da ya sa ake yi masa kyauta.

Siyasa kuwa bai tsaya a yi wa 'yan takara waƙa ba, ya shiga da ƙafarsa. A shekarun 1970 ya ci zaɓen kansila a ƙaramar hukumar Kankiya. A Jamhuriya ta Biyu ya fara da GNPP ta Waziri Ibrahim, daga baya ya koma NPN. A Jamhuriya ta Uku aka zaɓe shi shugaban jam'iyyar SDP na ƙaramar hukumar Funtuwa, kujerar da aka tsige shi daga kanta bayan ya samu saɓani da Janar Shehu Musa 'Yar'aduwa, wanda shi ne jigon jam'iyyar a Jihar Katsina. Mawaƙin da zai iya ja da mutum irin Shehu 'Yar'aduwa a gidansa, mawaƙi ne da abincinsa bai rataya a wuyan mutum ɗaya ba. Masu yi masa kyauta suna da yawa, kuma a warwatse suke. Ga masu kwatanta shi da mawaƙan siyasar yau, wannan shi ne bambancin da ya fi cancanta a duba.

Girmamawa kam ya same ta tun yana raye. Gwamnatin Tarayya ta ba shi lambar MON, Jami'ar Ahmadu Bello ta ba shi digirin girmamawa na dakta, kuma tun 1975 Ɗandatti Abdulƙadir, wanda daga baya ya shugabanci Jami'ar Bayero, ya rubuta kundin digirinsa na uku a kansa a Jami'ar Indiyana da ke Amurka. Ya kai kalangu Ingila da Faransa da Amurka, ban da ƙasashen Afirka ta Yamma. Bayan rasuwarsa Ibrahim Sheme da abokan aikinsa uku suka fitar da tarihinsa, Shata Ikon Allah, a 2006.

Duk wannan bai samar masa magaji ba. Hanya ɗaya tak ƙasar Hausa ta tanada don miƙa kiɗa daga tsara zuwa tsara, ita ce gado. Musa Ɗanƙwairo, wanda ya rasu a 1991, ya koyi kiɗa a gaban mahaifinsa Usman Ɗankwanda, ya tashi cikin 'yan'uwa makaɗa, 'ya'yansa kuma suka ci gaba da riƙe kotso bayansa. Shata ya shigo sana'ar ne daga waje, da baiwa, ya tsallake wannan tsari gaba ɗaya. Ƙungiyarsa ta ginu ne a kan mutum ɗaya, ba a kan gida ba, kuma da mutumin ya kau ba abin da zai riƙe ta. An samu masu rera waƙoƙinsa a wurin biki, wasu ma sun kwaikwayi muryarsa ƙwarai, amma maimaita abin da ke cikin kaset suke yi.

Abin da Kambodiya ta yi

Domin a ga yadda ake gadar da fasaha idan tsarin da ya haife ta ya rushe, yana da amfani a leƙa wata ƙasa mai nisa wadda ta fuskanci abin da ya fi namu muni nesa ba kusa ba. Kambodiya, a kudu maso gabashin Asiya, tana da rawar fada ta al'ummar Khmer wadda ta ɗauki ɗaruruwan shekaru ana yin ta a gidan sarauta. Rawa ce da ba a rubuce take ba. Ana fara koya wa yarinya tun tana ƙarama, malama ta kama hannunta da yatsunta tana lanƙwasawa, har dubban motsin da kowanne ke da ma'anarsa su zauna a jikinta. Tun daga shekarun 1940 Sisowath Kossamak, mahaifiyar Sarki Norodom Sihanouk, ta ɗauki nauyin rawar, ta sake tsara ta, ta sa jikanyarta Gimbiya Buppha Devi a ciki har ta zama tauraruwarta.

A watan Afrilun 1975 'yan Khmer Rouge ƙarƙashin Pol Pot suka ƙwace mulki. Zuwa Janairun 1979 da aka kore su, an ƙiyasta cewa kusan kashi 90 cikin 100 na malaman rawa da makaɗan ƙasar sun mutu, ta hanyar kisa ko yunwa ko aikin dole. 'Yan ƙalilan da suka tsira suka koma babban birnin ƙasar, Phnom Penh, suna neman juna. Cikinsu akwai tsohuwar 'yar rawar fada Chea Samy, wadda, abin mamaki, matar yayan Pol Pot ce. A farkon shekarun 1980 aka sake buɗe makarantar fasaha, tsofaffin suka zauna suna harhaɗa abin da kowacce ta tuna, suna ɗora shi a jikin yara, da yawansu marayu. Buppha Devi ta zama ministar al'adu daga 1998 zuwa 2004, kuma a 2003 hukumar UNESCO ta sanya rawar cikin fitattun kayan gadon ɗan'adam.

Ba sai an mayar da Kambodiya aljanna ba. Rawar fada ce, gwamnati ta zaɓe ta ne domin tana yi mata amfani a matsayin alamar ƙasa, kuma har yau masu yin ta suna kokawa da ƙarancin albashi da yadda ake gutsure ta don 'yan yawon buɗe ido. Sannan akwai bambanci na gaske: rawar Khmer tana da tsayayyen tsari da za a iya koyarwa, baiwar Shata ta ƙirƙira nan take kuwa ba makarantar da za ta iya dasa ta a kan wani. Sai dai rabin abin da ya sa Shata ya zama Shata ana iya koyar da shi. Ana iya koyar da sassaƙa kalangu da ɗaure shi, da salon kiɗa iri-iri da sunayensu, da yadda ɗan amshi ke karɓa, da takun rawar da ke bin kowane kiɗa. Mutanen Kambodiya sun fahimci cewa irin wannan ilimi a jikin tsofaffi yake, kuma yana da wa'adi, don haka suka ba tsofaffin aji da ɗalibai. Mu da ba wanda ya yi wa makaɗanmu kisan ƙare dangi, lambar yabo muka ba maigidan, makaɗansa kuma kowa ya kama gabansa.

Abubuwa da yawa suka taru a kan sana'ar cikin 'yan shekaru bayan rasuwarsa. Bayan ƙaddamar da shari'a a Jihar Katsina a 2000 an yi wani lokaci da aka hana kiɗa da roƙo, har aka kama wasu makaɗa, kafin daga baya a sassauta. Hanin bai daɗe ba, amma ya ƙara wa iyaye hujjar hana 'ya'yansu kusantar ganga. A daidai lokacin finafinan Hausa suka kawo waƙar sitidiyo, inda fiyano ɗaya da kwamfuta ke yin aikin makaɗa shida, har da sautin kalangun a ciki. Mai biki ya lissafa kuɗin ɗauko ƙungiya da ciyar da ita, ya ga DJ ya fi araha. Audugar da ta riƙa biyan makaɗa ta faɗi tare da masaƙun Kaduna da Kano. Daga baya kuma 'yan bindiga suka gama da abin da ya rage na dandali: a ƙauyukan Faskari da Sabuwa da Ɗandume da Ƙanƙara, wa zai bar 'yarsa a fili bayan isha'i? Makarantar da ta yaye Shata an rufe ta ba tare da wata sanarwa ba.

Yankin bai daina fitar da mawaƙa ba. Dauda Kahutu Rarara, wanda ya fi kowa tashe a waƙar siyasa a yau, ɗan ƙaramar hukumar Ɗanja ne, maƙwabciyar Bakori da Funtuwa. Gadon yabo da zambo yana nan da ransa, kasuwarsa ma ta fi ta da kuɗi. Abin da ya fita daga cikinsa shi ne makaɗi mai rai da ke amsa wa mawaƙi a gaban jama'a.

Gwamnatocinmu sun nuna cewa sun san hanyar UNESCO idan sun ga dama. An shigar da bikin kamun kifi na Argungu cikin kundin hukumar a 2016, hawan daba na Kano kuma a Disambar 2024. Dukansu bukukuwa ne na sarauta da manyan baƙi, masu kyan hoto. Kalangu gangar mahauta da 'yan mata ce, ba ta da fadar da za ta tsaya mata.

Ko muryar da muke taƙama an adana, adanin nata ba shi da tabbas. Abin da aka ɗauka na Shata yana warwatse ne tsakanin fayafayen kamfanin EMI, da ɗakunan ajiyar gidajen rediyo irin na Kaduna, da hannun masu sayar da kaset da masu tara su don sha'awa. Wani kaso mai yawa a kan zaren kaset yake, wanda zafi da ƙura da damshi ke ci. A 2019 UNESCO da ƙungiyar ma'adanan sauti ta duniya, IASA, sun yi gargaɗin cewa injinan da ke iya karanta irin wannan zare suna gab da ƙarewa, suka sa 2025 a matsayin lokacin da samun su zai yi wuya. Abin da ke yawo a intanet kuwa yawanci kwafi ne na kwafi, ba kwanan wata, ba sunan wurin da aka yi wasan, ba sunan ko ɗaya daga cikin makaɗan da ake ji suna amshi.

Akwai kuma batun haƙƙi. A dokar haƙƙin mallaka ta Najeriya ta 2022, waƙa tana da kariya har shekara 70 bayan ƙarshen shekarar da mai ita ya rasu, wato ga Shata har ƙarshen 2069. Sautin da aka ɗauka kuwa kariyarsa shekara 50 ce daga fitowarsa, don haka fayafayen shekarun 1960 da farkon 1970 sun riga sun fita. Magadansa suna da sauran shekaru masu yawa na haƙƙi a kan waƙoƙin da dubban shafuka ke ɗorawa suna samun masu kallo. Makaɗan da suka tsaya a bayansa ba su da ko wannan. Wanda ya rataya kalangu a ƙungiyarsa yana ɗan shekara 20 a 1970, yau ya haura 70.